Ranar da Na Ce Ban San Ɗana Ba

A unguwarmu ta bayan tasha, a Gaya, akwai wata al'ada da ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana, amma kowa ya iya ta. In baƙo ya tsaya ya tambayi gidan wane, to ba mu san wane ba. Ko da wanen yana zaune a benci ɗaya da mu yana ɓare gyaɗa, ba mu san shi ba. Sai baƙon ya ba da baya, sannan a dubi mutumin a ce, ga wani can yana nemanka, in ka ga dama ka bi shi. Garin bakin iyaka ne. Tsakaninmu da Malanbil gada ce kawai da ruwan Kwara, kuma da wuya ka samu gidan da ba shi da mai ƙetarawa da kaya. Wani kayan da takardunsa, wani kuwa takardun suna tafe daga baya. Saboda haka muka tashi muna rufa wa juna asiri, har ya zame mana kamar sallama.

Ni na fi kowa riƙo da wannan al'ada, Allah Ya yafe mini. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi 'yan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, daga nan na bi mota ina aparanti, yaron mota, har na samu farmin tuƙi na zama direban kamiyo, babbar motar kaya. Na ci ƙuruciyata da rabin tsufana a hanyar Kotonu da Dosso da Yamai. Abin da hanya ta koya mini game da mai kaki shi ne ka gaishe shi da hannu biyu, ka yi masa murmushi, kada ka faɗa masa ko sunan kazar gidanku. Da na aje tuƙi saboda ciwon baya, sai na koma zaman gindin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, a gaban rumfar abokina mai faci, ina koya wa samarin direbobi wannan karatu kyauta.

Mai facin nan mutumin Dendi ne, Hausarsa ta kasuwa ce, amma wajen tsiya ba Bahaushen da ke kamo shi. Tun muna samari yake gyara mini tayu. Bai taɓa kirana da wani suna ba sai Direba, ko bayan da na je Makka na dawo kowa na ce mini Alhaji.

Yaron da zan ba da labarinsa ɗana ne na fari. A wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a zama a yi hira da shi. Kunya ce muka gada. In zan aike shi sai in ce, kai, ko in ce yaron nan. In zan yi maganarsa a gida sai in ce yayansu. Uwarsa ma ba ta kiran sunan, amma ita tana da dabararta: sai ta fuskanci tukunya ta yi magana, shi kuma ya fuskanci ƙofa ya ba da amsa, a haka suke gama hirarsu kaf. Ni ban samu tukunyar da zan yi wa magana ba. Don haka duk abin da ke tsakanina da shi, ta bakinta yake bi.

Ya yi karatu, wannan kam ba a cewa komai. Ya tafi jami'a a Yamai ya karanta shari'a, ya dawo da lisans, wato digiri. Ya zauna gida babu aiki, yana taya wani ɗan kasuwa rubuta lissafin buhunan shinkafa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Wata rana da hantsi uwarsa ta kawo mini koko, ta ƙi tafiya.

"Malam, yayansu zai yi kwankur."

"Na me?"

"Na 'yan sanda. An buɗe wa waɗanda suka gama jami'a. In ya ci, ba daga ƙasa zai fara ba, makarantar hafsoshi za a kai shi ya fito ofisiye."

Na aje ludayin. Na ce duk ayyukan duniyar nan, ɗan direban Gaya bai ga na yi ba sai tare hanya? Ta ce ai ba tare hanya aka ce ba. Na ce kaki dai kaki ne. Ta ce to shi ma tuƙi tuƙi ne, amma akwai mai kai mutane gida, akwai mai zuba su a rami. Ta ɗauki kwanonta ta fita, ko kokon ban gama sha ba.

Ban hana shi ba. A cikin raina ma, in zan faɗi gaskiya, na ji wani daɗi da na ƙi yarda da shi. Amma na kafa sharaɗi guda, kuma wannan sharaɗin shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Na ce kada maganar ta fita daga gidan. Kunyar 'yan majalisarmu ta gindin bedi nake ji. Ni da na shekara da shekaru ina ce wa yara su kama bakinsu a gaban polis, a ce ga ɗana yana neman zama ɗaya daga cikinsu? Mai faci kaɗai ya ishe ni. Na ce a bari sai in ya ci, in kuwa bai ci ba, ba wanda ya ji balle ya yi mana dariya.

Yaron ya shiga shiri. Ya haɗa dosiyensa na takardun neman aikin, ya yi ta hawa da sauka tsakanin ofisoshi. Da yake akwai gwajin gudu, kullum bayan sallar asuba sai ya ɗaure takalmi ya kama hanyar Dosso, ya wuce gonakin rake, ya kai inda giginyu suka fara yawa, ya juyo. A Gaya babba ba ya gudu sai in an biyo shi. Masu kabu-kabu suka riƙa tsayawa suna duba bayansa ko za su ga mai bin. Mai faci ya tare ni.

"Direba, wa ke korar yaronka kullum da safe?"

"Ƙwallo zai shiga."

"Ƙwallo? Da lisans?"

"Likita ne ya ce ya rage ƙiba."

"Wace ƙiba? Yaron da in ya tsaya a bayan sandar rake sai an neme shi?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ƙarya biyu ke nan a zama ɗaya, kuma ban ji komai ba a lokacin.

Ya tafi Yamai aka yi jarrabawar rubutu, aka yi gudun, likitoci suka duba shi daga ido har tafin ƙafa. Ya dawo ya rame, amma fuskarsa a sake. Uwarsa ta shaida mini ya tsallake duka, saura a fitar da sunayen ƙarshe. Ashe akwai sauran mataki guda da ya faɗa mata, ita kuma ba ta ɗauke shi da nauyi ba: za a aiko mutum unguwa ya binciki halinsa, ya ji ko da gaske nan yake zaune, ko ɗan mutunci ne, ko yana da wani abin kunya. Ita a zatonta da mota za su zo, da kaki, su yi sallama a ƙofar gida. Ni kuma ba ta faɗa mini ba, tunda ta ga ba na son yawan zancen. Kafin nan yaron ya tafi Tanda wurin kawunsa, yana taya shi yankan shinkafa.

Ranar da abin ya faru, mun idar da azahar muna gindin bedi. An yi ruwa da safe, ƙasa na tururi. Sai ga wani mutum a kan babur, da riga mai gajeren hannu ta farar hula. Tun kafin ya kashe babur kowa ya gane. Askinsa, da yadda takalminsa ke sheƙi a ranar taɓo, da yadda ya dubi hanyar fita kafin ya dubi mutane. Hira ta mutu. Wani saurayin direba ya tuna yana da aike, ya sulale.

Mutumin ya fara da matar da ke soya kifi a bakin lungu. Muna jiyo shi ya ambaci sunan ɗana. Matar nan ita ta yi masa wankan jariri, amma ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ni baƙuwa ce a nan, ɗan nan. Kifi za ka saya?"

Ya matso wurin mai faci ya yi sallama. Mai faci ya amsa da fofo, gaisuwar Dendi, ya ci gaba da danna tayar da ke cikin ruwa, ya nuna da hannu cewa Hausa ba ta ishe shi ba. Mutumin ya juya masa da Dendi. Sai mai faci ya zama kurma.

Daga nan ya zo ya zauna kusa da ni a benci. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gida da ruwan sama. Na sa aka kawo masa ruwan sanyi, don baƙo baƙo ne ko da kuwa polis ne. Ya sake faɗin sunan, ya haɗa da nawa.

"Alhaji, an ce a nan unguwar yake. Ko ka san shi?"

Tsoro ya kama ni, kuma ga dalili. Lokacin da yaron yake lise, wato sakandare, in an yi hutu yakan bi ni a mota. A wata tafiya na ɗauko atamfofi a ƙarƙashin buhunan kaya, waɗanda ba su bi ta gaban 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito, ba. Shekaru sun wuce, amma mai irin tarihina ba ya jin abu ya wuce. Da na ji an haɗa sunana da nasa, ban tuna da kwankur ba ko kaɗan. Abin da ya zo mini shi ne an tono tsohon zance, kuma za a shafa wa yaro.

Na ce, "Samari suna da yawa a unguwar nan."

"An ce kai ne mahaifinsa."

"A nan kowane dattijo uban kowane yaro ne."

Ya yi ɗan murmushi. "To wannan ɗin, yana kwana a unguwar?"

Da na tsaya a kan ban sani ba, da da sauƙi. Amma ina da wani hali na son nuna gwaninta, musamman in samari na kallo. Na gyara zama na ce, in dai wanda nake zato ne, ai ya daɗe da ƙetarawa. Yana can wajen Malanbil ko Kotonu, ba wanda ya san sana'arsa, mun manta rabon da mu gan shi.

Mutumin ya dube ni har na ji ba daɗi. Ya rubuta wani ɗan abu, ya shanye ruwansa, ya yi godiya, ya hau babur ya tafi.

Ko kwana bai sha ba majalisa ta ɓarke. Mai faci ya warke daga kurumta nan take.

"Kun ga aikin manya! Direba, wallahi ko ni na fara shakkar kana da ɗa."

Mai kifi ta aiko mana da soyayye kyauta. Na zauna ana yabona, ina ƙara wa samari bayani cewa ba a barin mai tambaya da hannu wofi, a ba shi hanya mai nisa ya bi.

Bayan magariba na shiga gida da fara'ata. Uwar yara na tuƙa tuwo. Na ba ta labari tun daga farko, har ina kwaikwayon muryar mutumin. Na lura muciyar ta tsaya.

"Malam, sunan wa ya tambaya?"

"Na yayansu."

"Ka ce masa me?"

Na maimaita. Ta bar tukunyar a kan wuta, ta zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba a tsakiyar girki.

"Mai binciken hali ne. Na kwankur. Yaro ya rubuta cewa a gidan ubansa yake zaune a Gaya, uban kuma ya ce yana wata ƙasa, ba a san sana'arsa ba."

Ta ƙara da cewa:

"Gudun da ya yi ta yi, Malam. Takalmi har ya huje."

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da na samu abin kamawa. Na fita tsakar gida na tsaya. Ina jin ƙaurin tuwon yana ƙonewa, ba wanda ya kula.

Ta kira Tanda a waya, washegari da sassafe sai ga shi a kan babur ɗin kawunsa, ƙafafunsa duk laka. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Shi ne ya fuskanci ƙofa, kamar yadda yake yi da uwarsa, ya ce, "Ba komai, Baba. In da rabo wata shekara za a sake buɗewa." Ya tashi ya ɗebo ruwa ya hau wanke babur ɗin da ba nasa ba. Na tsaya ina kallon bayansa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na shiga ɗaki na sa rigar Juma'a, ranar kuwa ba Juma'a ba ce. Tun da nake ban taɓa shiga komisariya, ofishin 'yan sanda, da ƙafata ba. An sha kai ni, kan takardun mota ko gardamar lodi, amma in tashi daga gida in nufi can da kaina, ban taɓa ba. Na bi ta rumfar mai faci don in ba shi ajiyar makullin ɗakina, ko da za a riƙe ni. Dole na faɗa masa gaskiya, har da zancen kwankur da na ɓoye.

Ya aje guduma. Na jira dariyar da na yi watanni ina gudu.

"Yaronmu zai zama ofisiye, ka ce mana ƙwallo?"

"Kunya na ji."

"Kunyar wa? Tawa? Ni da na yi kurumta a gaban mutum saboda kai? Kai dai tsohon banza ne, Direba. Tsaya in wanke hannu."

Ya wanke hannu da kananzir, ya ɗora babbar riga a kan kayan aiki. Mai kifi ta ji, ta bar wa 'yarta kasko ta yafa gyale. Samari biyu suka biyo mu. Yaron ma uwarsa ta turo shi, yana tafe can baya. Haka muka ratsa kasuwa a jere, mutane na tambaya ko rasuwa aka yi.

Mai gadin ƙofar komisariya ya gan mu ya miƙe tsaye.

"Lafiya? Wa ya kawo ƙarar wa?"

Mai faci ya nuna ni. "Wannan ya kawo ƙarar kansa. Mu shaidu ne."

Aka zaunar da mu a benci a baranda. Can aka shigar da mu wani ɗan ofis, sai ga mutumin jiya a bayan tebur, yau da kakinsa. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Baƙuwa, sannu da zuwa. Kurma, ya jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe," in ji mai faci da Hausa tsantsa. "Cikin dare kunnen ya buɗe."

Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce ya daɗe yana aiki a bakin iyaka, ya san ban sani ba ɗin mutanen Gaya, ba ta ba shi mamaki. In da a nan aka tsaya, da ya sake komawa ta wajen mai unguwa. Amma uba ya ce ɗansa yana ƙetare, ba a san sana'arsa ba, wannan magana ce, kuma ya riga ya rubuta ta. Abin da aka rubuta ba ya gogewa. Iyakar abin da zai iya shi ne ya rubuta na yau a ƙarƙashin na jiya, manya su duba su yanke.

Ya ɗauki alƙalami. "Alhaji, kana da ɗa?"

"Ina da shi."

"Yana ina?"

"Ga shi can bakin ƙofa."

"Sunansa?"

Na dubi mai faci ko zai faɗa a madadina. Mutumin ya ce a'a, daga bakin uban yake son ji, tunda daga bakin uban aka ji na jiya. Sunan nan ni na raɗa masa shi a kunne ranar suna, sunan mahaifina ne, kuma tun daga ranar bai sake bi ta harshena ba. Na buɗe baki na faɗa. Muryata ta fito kamar ta wani. Mai kifi ta ja gyale ta rufe fuska don kunya. Ban waiwaya ba, amma na ji yaron ya gyara tsayuwa.

"Halinsa fa?"

Nan ma wani dutsen ne, don yabon ɗan fari a gabansa ya fi kiran sunan nauyi. Na rasa ta inda zan fara, sai na samu kaina ina ba da labarin tafiyar nan ta atamfofi. Na ce kafin mu kai shinge na umarce shi, in an tambaye shi ya ce buhuna ne kawai. Aka tambaye shi, bai tona ni ba, bai kuma faɗi ƙaryar ba, ya sunkuyar da kai ya yi shiru har aka gaji aka sallame mu. Da muka iso Gaya ya sauka, ya wanke motar tas, ya kawo mini makulli, daga ranar bai ƙara hawa motata ba. Na yi fushi da shi wata da watanni. Na ce wannan shi ne halinsa, ni kuma wancan ne nawa, in akwai hukunci ga ni.

Mutumin ya daina rubutu. "Alhaji, ban tambaye ka atamfa ba. Ɗa na tambaye ka."

"To ɗan kirki ne. Ya fi ubansa."

"Wannan kowa ya sani," in ji mai faci. "Ranka ya daɗe, rubuta ka ce kurma ma ya shaida."

Mai kifi ta ce ita ta yi masa wankan jariri, kuma tun yana ƙarami in ta ba shi canji ya yi yawa sai ya dawo da shi. Samarin suka ce shi ke karanta musu takardun mota ba ya karɓar ko shayi. Aka rubuta, muka sa hannu, masu dangwale suka dangwala.

A hanyar komawa yaron ya zo daidai kafaɗata, abin da bai saba ba. Da muka kai wajen masu rake ya tsaya ya sayi sanda guda, ya sa aka fere, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Haƙorana ba su da ƙarfin rake yanzu, amma na sha.

Jiran da ya biyo baya ya yi mini tsawo. Ba mu san wanne manyan za su ɗauka ba, maganata ta jiya ko ta yau. Na yi ta istigfari. Unguwa kuwa tunda asiri ya tonu sai ta mai da abin nata. Liman ya sa a addu'a. In yaron ya fito gudun asuba, don bai daina ba, masu kabu-kabu sai su bi shi da oda suna kiran ofisiye. Uwarsa ta koma yi mini magana, amma a taƙaice.

Ranar da sunaye suka fito ina gindin bedi. Na hango shi tafe daga bakin lungu, ba gudu yake ba, amma tafiyar ba irin tasa ba ce. Ya zo ya durƙusa a gaban benci, ya fuskanci tayar da mai faci ke gyara, ya ce wa tayar, "An ɗauke ni." Mai faci ya jefar da guduma ya rungume shi da hannun baƙin mai, ya ɓata masa riga. Ni na ce, "To, madalla. Allah Ya sa albarka." Na tashi na zaga bayan rumfa kamar zan kama ruwa, na daɗe a can.

Ya yi horonsa ya gama, yanzu yana aiki a wani gari mai nisa da kogi. In ya zo hutu, a gida yake tuɓe kakin kafin ya fito gaida majalisa, ba don na ce ba. Yana zama a ƙarshen benci, samari na kawo masa takardunsu kamar da. Sunan nan ban sake kiransa ba tun ranar komisariya, kuma ba na jin zan sake. Amma na samu tukunyata. In yana kusa sai in fuskanci mai faci in ce, a gaya wa yaron nan ya riƙa cin abinci, ya rame. Shi kuma ya fuskanci bedi ya ce a gaya wa Baba ya riƙa shan maganin bayansa.

Na daina koya wa samari karatun ba da hanya mai nisa. In baƙo ya yi tambaya yanzu, nakan fara tambayarsa lafiya, me ya kawo shi. Mai faci dai bai canja ba. Kwanan baya wani abokin aikin yaron ya biyo da saƙo daga wurinsa, buhun gero da magani, ya tsaya a rumfa yana tambayar gidan mahaifin ofisiye. Ina zaune a gefensa, gwiwata na taɓa tasa. Mai faci ya dubi baƙon sama da ƙasa, ya dubi buhun, ya ce bai taɓa jin mai wannan suna ba, amma a aje geron a wurinsa ko Allah zai sa a dace.

Na ɗaga hannu na ce, "Ni ne ubansa. Kawo nan."